LA'ADAR DILLALAN GIDA DA FILI: LADAN WANE AIKI NE?

Jawabin da aka yi wa 'yan kasuwa da talakawan ƙasar Kurfi

Dattawanmu da malamanmu, 'yan'uwa 'yan kasuwa maza da mata, da manoman da suka taso daga Birchi da Tsauri da Rawayau da Barkiya da Wurma, muna yi muku barka da zuwa. Mun san da yawanku sun bar rumfa a hannun yara, saboda haka ba za mu tsare ku da dogon share fage ba.

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta la'ada, watau kuɗin da dillalan gidaje da filaye da gonaki su ke karɓa. Kuka ya yi yawa a kanta, daga nan Kurfi har Dutsin-Ma har birnin Katsina. Mun hango waɗansu dillalai a bayan taro. Kada su tashi, su gyara zama. Ba mu zo zagin kowa ba, dillanci sana'a ce tun kaka da kakanni, kuma babu kasuwar da za ta ci ba da dillali ba. Abin da mu ke tambaya ɗaya ne tak: wannan la'ada da a ke yanka daga dukiyar talaka, ladan wane aiki ce?

Bari mu fara da dillalin da kowa ya sani, na kara. Mutum ya koro sansa daga ƙauye, ya miƙa wa dillali igiya. Mai saye ya zo ya taya, dillali ya juya ya faɗa wa mai sa, a gaban mutane. In bai yi ba a ce albarka, in ya yi a sallama. Mai sa yana tsaye, kunnensa ya ji kuɗin da aka biya, idonsa ya ga an ƙirga. La'adar kuwa sananniya ce, ko yaro a kara ya san ta. Sa'an nan ga babban abu: in bayan kwana uku aka zo aka ce san nan na sata ne, wa a ke fara kamawa? Dillali. Shi zai nemo wanda ya kawo, in bai nemo ba wuyansa ne. Don haka dillalin kara ba ya karɓar igiya daga hannun wanda bai sani ba, sai da wanda ya tsaya masa. Har a Kurmi haka Hausawa suka riƙe cinikin shanu. A da, a Sabo ta Ibadan mahauta kan ɗauki shanu bashi, maigidan da fatake su ke sauka wurinsa shi ne lamuni, in mahauci ya gudu shi zai ji da fatake. La'adar irin wannan mutum ba wanda ya ke jin ciwonta, gama ba don surutu a ke ba shi ba, don ɗaukar nauyi ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To, ku riƙe wannan dillali a zuciya, da shi za mu auna ɗan'uwansa na gida da fili, wanda yanzu ya fi son a kira shi ejan.

Iyayenmu ba su san wannan na biyu ba, domin a da ƙasa ba haja ba ce. Baƙo ya zo gari, mai unguwa ya kai shi wurin dagaci, a nuna masa inda zai yi shinge, ya ba da goro, shi ke nan. Ba mu ce ba a sayar da gona ba. Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, nan kan hanyarmu ta zuwa Katsina, a shekarar 1967, ta bi gonakin garin ɗaya ɗaya, littafinta ya fito a 1972. Ta tarar ana sayar da gona ana jingina, kuma mafi yawa matalauta ne su ke rabuwa da nasu. Amma cinikin nan tsakanin mutanen da suka san juna ne. Mai saye ya san gonar, ya san iyakarta, ya san uban mai ita. Me zai yi da ɗan tsakiya?

Abin da ya sauya shi ne baƙi sun yawaita, kuɗin ƙasa ya tashi. A 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, ma'aikata suka dawo gida suna neman wurin zama. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a garin. Dubban ɗalibai da malamai daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka sauko, ɗakunan kwana na makaranta ba su ishe su ba, sai hayar cikin gari. Wanda ya ke da kango ya rufa shi, wanda ya ke da gona a bakin titi aka ce masa ai fuloti ce. Sa'an nan masifar 'yan bindiga ta zo. Mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa suka riƙa barin ƙauyukansu, mu ma ba ta ƙyale mu ba, mutanen Wurma da su ke zaune a nan ba su manta da harin 2019 ba. Wanda ya gudo da iyali da dare ba shi da lokacin ciniki. Yana son ɗaki yau, yana son ya sayar da gonar da ba ya iya zuwa nomawa kafin yunwa ta kashe yara. Ɗalibin da ya zo daga Ilori ko Makurdi bai san kowa ba. Mai gudun hijira da baƙo, waɗannan su ne abincin sabon dillali.

Yanzu mu zo ga lissafi, gama ku 'yan kasuwa ne, lissafi ba ya ba ku tsoro.

A ce wani dattijo yana da gona kusa da titi, ya ce wa dillali a nemo masa naira 2,000,000. Dillali ya tafi ya sami wani ma'aikaci, ya ce masa mai gona ya kafe a kan 2,600,000. Ma'aikaci ya ce a kai shi ya ga mai gona. Sai a ce masa tsoho ba ya son a san yana sayarwa, saboda 'yan'uwa. Tsoho kuma a ce masa mai saye babban mutum ne, ba ya son a san sunansa. Kuɗi su shiga asusun dillali. Ya zare 600,000 ya sa aljihu, wannan shi ne ɗori. Bai ƙare ba. Ya karɓi biyar cikin ɗari a hannun mai saye, 130,000 ke nan. Ya dawo wurin tsoho ya yanki biyar cikin ɗari, 100,000. Ku haɗa: 830,000. Tsohon da ya gaji gonar daga ubansa, ya shekara arba'in yana kai mata taki a kan jaki, ya koma gida da 1,900,000. Mutumin da ya buga waya sau biyar ya hau babur sau biyu ya tafi da abin da ya haura kashi 40 cikin ɗari na rabon tsoho. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har tsoho ya bi shi da addu'a, yana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya taimake shi!

Lalle ɗorin nan shi ne uwar cutar, ba la'adar da a ke faɗa a fili ba. Kuma ba ya yiwuwa sai an raba mai saye da mai sayarwa. Ran da mutanen nan biyu suka zauna a tabarma ɗaya, ɗori ya mutu. Saboda haka duk dillalin da ya hana ku ganin juna, kada ku wahalar da kanku kuna tambayar dalili, dalilin yana cikin aljihunsa.

Wani lokaci ma ba dillali ɗaya ba ne. Na farko shi ya ji daga bakin mai gida. Ya faɗa wa na biyu a majalisa, na biyu ya aika hoto ta WhatsApp ga na uku a Katsina, na uku yana da yaro a Kaduna. Kowa ya ɗora nasa kamar kayan jaki. Ran biya sai ka ga mutum shida sun bayyana, waɗansu ko ƙofar gidan ba su taɓa gani ba, kowa yana cewa a ba shi haƙƙinsa. Akwai kuma wanda a ke ɗaukowa ya tsaya gefe yana ƙara tayi alhali ba shi da niyyar saye, don mai saye na gaskiya ya tsorata ya ƙara. Malamanmu suna nan zaune, wannan shi ne najashi, kuma kowane littafin fiƙihu da a ke karantawa a zaure ya hana shi.

Maganar haya kuwa gajeriya ce amma ta fi taɓa mutane da yawa. A biranen Nijeriya an saba jin goma cikin ɗari na kuɗin shekara a matsayin la'ada, sau da yawa da wani goma ɗin na takarda, ga kuɗin gani, wanda za ka biya ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba. Wannan al'ada ta biyo ɗalibai har garuruwanmu. A ce ɗaki 150,000 ne a shekara. La'ada 15,000, takarda 15,000, an kai ka ganin ɗaki uku kowanne ka ba da 2,000. Ka kashe 36,000 ba ka shimfiɗa tabarma ba. To, tambaya: wa ya ɗauki dillalin nan aiki? Mai gida ne ya ba shi makulli ya ce nemo mini ɗan haya. Mai gida ya yi wa aiki, ɗan haya ya biya. Ga kuma wani abin da ya kamata ku duba. Tun da la'ada kashi ce daga cikin kuɗin haya, duk sa'ad da haya ta tashi, rabon dillali ya tashi. Mutumin da ka ke biya don ya nemo maka sauƙi, cinsa yana cikin tsadarka. Shi ya sa za ka ji shi yana zuga mai gida, wai gidan su wane an kai shi kaza, kai me ka ke jira?

Duk wannan da sauƙi in da a ce kuɗin yana sayen kwanciyar hankali. Amma ku je kotu ku ga irin ƙararrakin da su ke gaban alƙali. Fili ɗaya an sayar wa mutum biyu. Gonar gado da ba a raba ba, ɗa ɗaya ya sayar, mata da marayu ba su sani ba sai sun ga ana sauke bulo. Awon igiya da ba titi ba magudanar ruwa, ranar da hukumar tsara birane ta zo ta shafa jan fenti, sai kuka. A duk waɗannan, ina dillali? Ya ce shi haɗa ciniki kawai ya yi. Wayarsa ma a kashe.

Alhali kuwa aikin da ya cancanci la'ada a nan ya ke, domin dokar ƙasa tana da ramuka da talaka bai san su ba. Tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan a 1962. Sa'an nan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa wadda mu ke ƙarƙashinta har yau. Bisa ga wannan doka, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna. Ta cikin birane shi ke ba da izinin zama a kanta, ta karkara kuwa ƙaramar hukuma. Watau abin da ka ke saye ba ƙasar ba ce, iznin riƙe ta ne, kuma mayar da wannan izni ga wani yana bukatar yardar hukuma. Kada ku ɗauka wasa ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Savannah Bank da Ajilo, ta ce jinginar da aka yi ba da yardar Gwamna ba, ba ta tsayu ba. In banki da lauyoyinsa suka faɗa wannan rami, ina ga mai sayar da tumatir? Dillali nawa ne suka taɓa gaya muku wannan? Nawa ne suka taɓa zuwa ofishin ƙasa, ko hukumar KATGIS da gwamnatin jiha ta kafa don rajistar filaye, suka duba ko takardar da su ke yawo da ita ta gaskiya ce? Akwai masu sana'ar ƙiyasta gidaje da filaye waɗanda doka ta kafa wa hukumar rajista tun 1975, in sun ci amana akwai inda za a kai ƙararsu a soke sunansu. Namu na bakin tasha ba rajista, ba shago, ba mai tsaya masa. Duk wanda ya sayi waya mai hoto ya zama dillali.

Gaskiya ɗaya ce, mu ji ta bakin dillalai su ma. Suna cewa sukan yi wata uku suna yawo da mai saye, su ƙona mai, a ƙarshe ya ce ya fasa. Haka ne. Suna cewa wani lokaci su haɗa mutum biyu, mutanen su zagaye su ƙulla ciniki da dare don kada su ba da la'ada. Wannan ma haka ne, kuma zalunci ne, wanda ya yi shi a cikinmu ya ji kunya. Suna cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kome ya yi tsada, su ma suna da iyali. Ba mu musa ba. Mun san dillalai a garin nan da in sun ce maka fili lafiyayye ne, ka gina ka yi barci. Amma asarar da ka yi a kan wanda ya fasa ba ta ba ka iznin ɗora wa tsohon da ya amince da kai ba. Kuma na kirki su ne suka fi kowa asara a wannan hargitsi, gama mutane sun fara yi musu kuɗin goro da ɓata-gari.

Kada kuma wani ya ce muku haka a ke yi ko'ina a duniya, ba abin da za a iya. A Amurka an daɗe mai sayar da gida yana biyan biyar ko shida cikin ɗari, har da rabon dillalin mai saye wanda ba shi ya ɗauka ba. Masu gidaje a jihar Misuri suka kai ƙungiyar dillalan ƙasar ƙara. A watan Oktoba na 2023 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce an haɗa baki an riƙe la'ada a sama, suka yanka diyya kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris na 2024 ƙungiyar ta nemi sulhu, ta yarda ta biya dala miliyan 418, kuma daga Agustan shekarar sai mai saye ya yi yarjejeniya a rubuce da dillalinsa a kan abin da zai ba shi tun kafin a kai shi ganin gida. A Jamus tun 2015 dokar haya ta ce wanda ya kira dillali shi zai biya shi. A Ingila tun 2019 an hana dillalai karɓar irin waɗannan kuɗaɗe a hannun ɗan haya. Kada mu yi nisa ma, a Ikko dokar haya ta 2011 ta ce wanda ya ɗauki gwani don aikin yarjejeniyar haya shi ke da biyansa, ko da ya ke mutanen can har yau suna kukan ba a bin ta. Wannan ma darasi ne, doka a takarda ba ta tsare kowa in jama'a ba su tsaya a kanta ba.

Ku lura, duk abin da Turawan nan suka kashe shekaru a kotu suna nema, yana nan a kararmu: a faɗi la'ada tun farko, a yi ciniki a gaban masu shi, dillali ya ɗauki nauyi. Ba baƙon abu mu ke roƙo ba.

Saboda haka ga abin da mu ke so mu ɗaure a tsakaninmu, ba sai mun jira kowa ba. Kada wani a cikinmu ya ƙara sayen fili ko gona bai zauna da mai ita ido da ido ba, a gaban mai unguwa da shaidu, in ta gado ce a gaban magada duka, har da mata. Ba a cinikin biri a sama. Kuɗi su tafi daga hannun mai saye zuwa hannun mai sayarwa, ko daga asusu zuwa asusu, dillali ya karɓi nasa dabam. A yanke la'ada kafin a taka ƙafa, a rubuta ta a cikin takardar ciniki, lamba da kalma. Wanda ya kira dillali shi zai biya shi, in kuwa duka biyu za su biya, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. Dillali ya sa hannu a takarda da cikakken sunansa da unguwarsu, ba a matsayin ɗan kallo ba, a matsayin wanda ya yarda in fili ya fito da rigima zai mayar da la'ada ya kuma tsaya gaban alƙali. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ku bar masa filinsa. Mu kuma in dillali ya cika waɗannan, mu biya shi nan take, ba ja-in-ja, ba zagaye.

Ga hukuma kuma muna da kira. Majalisun ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma su buɗe littafin rajistar dillalan gida da fili, kowa da mutum biyu da suka tsaya masa, a liƙa sunayen a sakatariya da ƙofar fadar Maradin Katsina da ta Yandakan Katsina, inda kowa zai iya dubawa. Wakilanmu a Majalisar Dokoki ta Katsina su kai maganar ƙayyade la'adar haya da hana kuɗin gani. Hukumar jami'a ita ma tana iya ajiye jerin gidajen haya da ta bincika, don yaron da ya sauka a tasha da akwati kada ya faɗa hannun wanda ya fara tare shi.

Kafin a watse, duk wanda aka taɓa yi wa ɗori, ko aka sayar masa da filin da ya fito da rigima, ko ya biya kuɗin gani bai sami ɗaki ba, ya tsaya ya ga masu rubutu a gindin bishiyar can. Ba za a buga sunan kowa ba. Abin da mu ke so shi ne wurin, da shekarar, da kuɗin, don in mun tafi gaban majalisa mu tafi da hujja a hannu. Wanda takardunsa su ke gida ya kawo su ran kasuwa mai zuwa. Dillalan da su ke son a fara rubuta sunayensu a matsayin waɗanda suka yarda da sharuɗɗan nan, su ma ga takarda can.